Ɓaunar Baba a Hannun Ba-Wuya

Mijin ƙanwata bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. Ka ce masa agogonka ya tsaya, zai ce ba wuya. Ka ce rijiyarka ta ƙafe, ba wuya. Da za ka ce masa jirgin sama ya maƙale a kan bishiya, tambayarka zai yi ko kana da filaya a kusa. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka, sai Ba-Wuya, shi kuwa yana amsawa da fara'a don a zatonsa kirari ne. Shi ya gyara mini fanka ta koma zuƙar iska maimakon hurawa. Shi ya kwance wa telan layinmu keken ɗinki ya mayar, aka tashi da kusoshi bakwai a hannu ba a san mazauninsu ba, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci.

Duk wannan da sauƙi, fanka ce da keke. Abin da har gobe ban yafe masa ba shi ne ɓaunar Baba.

Mahaifinmu maharbi ne, shekara arba'in da ɗoriya yana shiga daji. Mutum ne marar yawan magana, kuma abu ɗaya ya tsana a duniya, a ce masa ya yi ƙarya. A shekarar da idonsa ya fara yana, wata ɓauna ta addabi manoman hayin kogi, ta tattake gonaki, ta karya wa mutum biyu haƙarƙari. Ma'aikatan gandun daji suka ba da izini, suka zo har gida suka ɗauki Baba. Harsashi ɗaya ya sa mata. A can dajin aka feɗe ta, manoma suka raba naman, aka cika fatar da gishiri aka naɗe, aka kawo masa ita da kan a bayan mota. Kan shi da kansa ya dafa ya kankare, ya bar ƙahonin manne da ƙashin goshi, ya rufe su da buhu.

A zaman ƙungiyar maharba ya ba da labari, ya ce da tana tsaye doronta ya kawo masa kafaɗa. Sai Mai-Gemu ya bushe da dariya. Mai-Gemu abokin Baba ne tun ƙuruciya, kuma tun ƙuruciyar suke gasa, wani tsoho ne mai rina gemunsa ja da lalle.

"Ido mai yana ai ko kyanwa ya gani zaki ce," in ji shi. "Ɗan maraƙi ka harbo, abokina. Faɗi gaskiya mu taya ka murna."

Aka yi dariya, Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Na ce masa ya ɗauki ƙahonin ya kai wa mutumin nan a huta, ya ce a'a. A gaban jama'a aka ƙaryata shi, a gaban jama'a za a gan ta a tsaye da gashinta da ƙahoninta, kamar yadda ya gan ta. Ƙungiyar tana shirin buɗe sabon ɗakin taronta nan da mako biyu, can yake so a tsayar da ita.

Aka kira Majemi, maƙwabcinmu na ƙarshen layi, wanda ya gaji jima kaka da kakanni. Ya tsuguna a tsakar gida ya buɗe gefen fatar, ya murza ta da yatsa, ya daɗe yana girgiza kai.

"Wata uku, Baba. Wannan ba fatar akuya ba ce, kaurin wuyanta ya kai yatsa biyu. Sai na kankare naman, na fere ta har ta yi laushi, ta jiƙu a ruwan gishiri da alif don gashin ya kama, a shafa mai, a shanya a inuwa. Bayan nan a gina mata jiki daidai awonta. In aka yi gaggawa gashin zai zube, in ya zube kuwa ba mai mayar da shi."

"Wata uku?" Ba-Wuya ne, ya shigo gaisuwa ba wanda ya gayyace shi. "Ciki za ta ɗauka? Baba, kwana goma. Ba wuya."

Majemi ya ɗago kai. "Ka taɓa jeme ko fatar ɓera?"

"Jima ai wanki ne aka sa masa babban suna don a tsorata mutane."

"Baba," na ce, "wannan fa shi ne ya mayar mini da fanka tana zuƙa."

"Yaya, fankarki dama a juye aka ƙera ta, ni na gano."

Auta, ƙanwar tawa, ta shiga roƙo, wai a ba mijinta dama ko sau ɗaya ya fita kunyar dangi. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu, ya dubi bakin ƙofa, ya sauke hannun.

"Makon jiya ina iya karanta lambar motar can," ya ce. "Yau ba na iyawa. Likita ya ce ko yaushe ne. In na jira wata uku, wa ya sani ko da hannu zan gan ta? Ba shi."

Majemi ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. A bakin ƙofa ya ce da ni a hankali, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Mutum huɗu suka ɗora fatar da ƙahonin a baro, Ba-Wuya yana gaba yana ba da umarni kamar shi ya harbo.

Tunda bai san ta inda ake farawa ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya, washegari da hantsi sai ya zagaya bayan katangar Majemi, ya taka wani tsohon duro ya leƙa. Ya ga Majemi yana tsoma fatun shanu cikin ramin toka da kanwa. Duro ya goce, ya faɗo, ya ruga gida da takalmi ɗaya, yana murna ya sato sirrin sana'a.

Na je da rana na tarar ya shimfiɗa fatar yana kwarara mata ruwa da bokiti.

"Me kake yi?"

"Gishirin nake wankewa. Wa ke zuba gishiri a abin da ba ci za a yi ba? Ƙauyanci ne."

"Majemi ya ce gishirin ne ke riƙe gashin."

"Majemi yana zuba toka kwano ɗaya ya zauna jiran kwana casa'in. Ni kwano tara zan zuba. Casa'in a raba tara nawa ke nan, Yaya? Goma. Ilimi ke nan. Da kin yi nisa a makaranta da ba ki tambaya ba."

Ya cika tsohon tankin ruwansu da toka da kanwa, ya tura fatar ciki da tabarya, ya rufe, ya ɗora dutse.

Rana ta biyu ƙudaje suka fara sallama. Rana ta uku ungulaye shida suka jeru a kan rufin gidan kamar masu jiran a buɗe ofis. Warin kuwa ba ya faɗuwa, ya bi layi gida-gida, ya shiga cikin kayan sawa, ya shiga ruwan sha. Tela ya zo da hanci a ɗaure, yana riƙe da wata riga.

"Mai wannan ta dawo mini da ita, ta ce gawa na ɗinka wa ita kafin na ba ta!"

"Ƙamshin magani ne yana aiki," in ji Ba-Wuya. Yana zaune dab da tankin yana shan shayi, ko a jikinsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Mai aski ya leƙo ta kan katanga. "Wa ya rasu ba a sanar da mu ba?"

"Jahilci ne ya rasu. Ku zo gobe ku ga aiki."

Suka kuwa zo. Rana ta huɗu ya tara maƙwabta, ya naɗe hannun riga, ya sa ƙugiya ya jawo fatar. Ta fito sumul, fari-fari, tana santsi kamar tafin hannu. Gashin kaf ya tsaya a cikin tanki yana yawo a saman ruwa. Tsakar gida ta yi tsit, har sai da aka ji ungulu ɗaya ta gyara tsayuwa a kan kwano.

"To," in ji mai aski, "shekarata ashirin ina aski ban taɓa yin tal-kwabo mai kyan wannan ba."

Ba-Wuya ya ajiye ƙugiyar. "Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ana cire gashin a wanke shi daban."

Ana cikin haka Majemi ya shigo riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Ya dubi fatar, ya dubi tankin, ya yi salati.

"Ramin cire gashi ka leƙa. Fatun masu takalma ne a ciki, dama so nake gashin ya zube."

"Wa ya ce na leƙa?"

"Takalminka ne ya ce." Ya jefa masa shi a gabansa. "Saurara, ba don kai ba, don tsohon nan. Gashi ya tafi, sai haƙuri. Amma ba ni ita yanzu tana jiƙe, in jeme ta a miƙe, girmanta ya tsaya yadda yake. Ko ba komai a shimfiɗa ta a gaban mutane su ga bai yi ƙarya ba."

"Ka ji shi! Ya ga zan ƙwace masa kasuwa. Malam, ƙofa na nan inda ka bar ta."

Na yafa mayafina zan tafi in gaya wa Baba, Auta ta riƙe mini hannu tana hawaye. Wai in bari ya gyara, wai in Baba ya ji yanzu aurenta ne zai yi tsami. Na ji tausayinta na yi shiru, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu har yau.

Majemi ya ce a shanya a inuwa, don haka Ba-Wuya ya haye da ita kan rufin kwano a tsakiyar rana, wai inuwa ta malalata ce. Kwana biyu tana gasuwa. Ƙafar baya ɗaya da wutsiya suna lilo ta gefen rufin, karnukan layi suka yi ta tsalle har suka samu rabonsu. Da aka sauko da ita ta ƙanƙance, ta murɗe, ta yi tauri kamar ƙyauren shago. Ya buga ta da ƙafa, ta yi ƙara, shi kuma ya yi ɗingishi.

"Laushi take so," ya ce. "Ba wuya."

Ya shimfiɗa ta a kan titi, ya roƙi direban tifa na bayan layinmu ya bi ta kanta. Direban ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, sannan ya bi, gaba da baya. Fatar ta tsage gida uku. Ba-Wuya ya kawo almakashin yankan kwano ya datse duk inda ya tsage, ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya datse wancan ma don su daidaita. Abin da ya rage ya jiƙa shi da baƙin man inji, wai ai Majemi ma ya ce a shafa mai. Garin gyaran gira aka rasa ido, aka bi da hanci.

Saura jiki. Mutumin nan bai taɓa ganin ɓauna ba ko a mafarki, bai kuma tambayi Baba awonta ba. Ya ɗauko gwangwanin madara mai hoton saniya ya kafa a kan taga, ya jawo teburin cin abincin Auta, ya farke katifarsu ya ɗaure soson a kai da waya.

"A ina za mu kwana?" in ji Auta.

"Mutanen da suka kafa tarihi ba a katifa suka kwana ba."

Da ya yafa fatar a kan teburin, ta ƙi rufe ko rabinsa. Wani mai hankali da nan zai tsaya ya yi kuka. Shi sai ya ɗauko zarto ya rage teburin. Ya yanke ƙafafu, ɗaya ta fi sauran gajarta, ya sake yanke ukun. Sau uku yana haka. Ya kai wa tela ya ɗinke cikin, tela ya ce allurarsa ba ta ɗinkin ƙyaure, sai Ba-Wuya ya huda da ƙusa ya ɗaure da wayar shanya.

Na tsaya ina kallon abin, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba.

"Ita ce ta kawo wa Baba kafaɗa?"

"In ya durƙusa za ta kawo. Yaya, ke matsalarki ba ki da hangen nesa."

"Gashin fa? Ko a tsirara za ta je taron?"

Gashin asali ya riga ya narke a tanki ya zama kunun toka. Sai ya tafi wurin mai aski ya roƙi sharar shago ta mako guda. Mai aski ya cika masa buhu har da ƙari, ya ce ba ya son komai, a dai ajiye masa kujera a sahun gaba. Ba-Wuya ya shafe fatar da gam, ya yi ta watsa gashin mutane da hannu kamar mai shuka. Baƙi ya kama, furfura ta kama, wani wuri ya yi cunkus, wani wuri ya yi sanƙo. A mazaunin ido ya cusa fitilun sigina na tsohon babur ɗinsa, ruwan lemo, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon sama. Inda karnuka suka cinye wutsiya ya soka tsintsiya.

A safiyar taron ya tuna da ƙahoni. Shi da direban tifa suka ɗago su da ƙyar, suna ɗorawa ƙafafun gaba suka fara lanƙwashewa. Ya ce a sauke, ƙahonin ne ba su dace da tsarin ba. Ya tura su bayan tanki ya rufe da buhu, ya je wurin mahauci ya karɓo na wata saniya, 'yan gajeru, ya ɗaura. Ya lulluɓe abin da zanen gadon Auta tun gam bai gama bushewa ba, aka ɗora a baro.

Ɗakin taron ya cika maƙil bayan azahar. Maharba a gaba, iyalansu a baya, 'yan layinmu kuwa ba wanda ya rage a gida, har da masu jego. Na kawo Baba na zaunar da shi, ya sa rigarsa mafi kyau, yana ta murza gwiwa da tafin hannu. Mai-Gemu yana gefensa, ya sha sabon gyaran gemu.

Baba ya ƙura wa zanen ido. "Babba," ya ce da ni, "idona ne, ko a kwance ya yi ta?"

Na sunkuya ina gyara masa wuyan riga.

Ba-Wuya ya hau gaba da sabuwar hula. Ya yi jawabi na kusan rabin sa'a. Ya ce akwai masu riƙe sana'a a duhu suna wahalar da jama'a da wata uku, ya dubi Majemi. Ya ce daga yau duk mai zaki ko giwa ya kawo, kwana goma ne, in da gaggawa bakwai. Sannan ya kama gefen zanen ya fizga.

Zanen ya ƙi fita, ya manne. Ya sake fizga da hannu biyu, ya fito da wata irin ƙara, ya taho da rabin gashin bayan a jikinsa.

Ga abu nan tsaye a kan ƙafafun tebur, bai kai jaki ba bai kuma yi kama da tunkiya ba, baki a karkace, ido ruwan lemo, baƙin mai na ɗiga daga cikinsa, tsintsiya a baya. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi da ƙarfi. Daga nan ɗakin ya fashe. Tela ya sulale daga kan benci. Mai aski ya miƙe yana nuni da yatsa, hawaye na zuba.

"Wancan na wuyan na direba ne! Furfurar nan ta gefen ciki ta shugaban ƙungiya ce! Jan nan kuwa na gindin wutsiya, Baba Mai-Gemu, naka ne, shekaranjiya na rage maka!"

Mai-Gemu ya taso ya leƙa bayan dabbar, ya ga jan gemunsa manne dab da tsintsiya. Aka sake kecewa. Amma tsohon bai bari dariyar ta tsaya a kansa ba, ya juyo ya dafa doron abin, wanda bai wuce cibiyarsa ba.

"Gemuna dai na yafe. Jama'a, ga ɓaunar da ta kawo kafaɗa! Ban faɗa muku ba? Ashe ma na yi mata karamci da na ce maraƙi. Abokina, da ka ce mana a zaune ka auna ai da ba a yi musu ba."

Wannan dariyar ta biyu ita ce ta ƙona mini rai, don ba da Ba-Wuya ake yi ba. Baba ya tashi, ya taka a hankali har gaban abin. Ya sa hannu ya shafa bayan, gashin mutane ya manne masa a tafi. Ya shafa wuyan, yana neman inda harsashinsa ya shiga, almakashi ya riga ya cinye wurin. Ya kai hannu kan ƙahonin, ya tsaya.

"Waɗannan ba nata ba ne," ya ce.

"Ka ji kuma," in ji Mai-Gemu. "Yanzu ƙahonin ma ƙarya suke yi."

Ban san lokacin da na fizgi hannun Auta ba. Muka fita da baron da aka kawo abin, muka bi layi da gudu, mayafi na faɗuwa, muka jawo buhun daga bayan tanki. Mu biyu muka kasa ɗaga shi sai da muka mirgina. Muka turo baron har tsakiyar ɗakin taro, na yaye buhun da hannuna.

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Baƙaƙen ƙahoni ne masu faɗin goshi kamar turmi, sun sauka sun lanƙwasa sun sake hawa, bakin kowanne ya wuce gefen baron. Maharban sahun gaba suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe.

Baba ya juya wajen surukinsa. "Me ya sa ba ka sa mata nata ba?"

"Baba, wato, a tsarin zamani, ana duba daidaito ne da..."

"Sa mata."

Ba-Wuya ya dubi jama'a, ya dubi ƙahonin, ya gyara hula. Ko a nan bakinsa bai iya yin shiru ba.

"Ba wuya."

Ya cire na saniyar, ya sa aka taya shi ɗagawa, ya shiga ƙarƙashin wuyan yana ɗaure waya yana cewa a saki a hankali. Aka saki. Ƙafafun gaba suka karye a tare, abin ya kifa da goshi, ya danne shi a ƙasa. Wayar cikin ta tsinke, soson katifa ya yi tsalle waje, tsintsiya ta tashi sama ta faɗo a cinyar shugaban ƙungiya. Gashi ya turnuƙe ɗakin, kowa na tari. Ba abin da ake gani na Ba-Wuya sai ƙafafunsa biyu suna harbin iska, ana jin muryarsa daga ƙasa yana kiran Auta.

"Ku bar shi tukuna," in ji Majemi. "Yau dai ya san nauyin ɓauna."

Mai-Gemu bai yi dariya ba wannan karon. Ya tsuguna, ya buɗe hannuwansa biyu ya auna ƙahonin daga baki zuwa baki, ya sa tafinsa a kan goshin, tafin bai rufe ko rabi ba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya cire hularsa a gaban kowa.

"Shekara hamsin ina shiga daji ban taɓa ganin irinta ba. Mai wannan kan ta wuce kafaɗa. Ni ne na yi ƙarya, abokina, ba kai ba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya goge tafinsa a jikin rigarsa mai kyau, gashin ya ƙi fita.

"Na so ka gan ta a tsaye," ya ce. "Ni ma na so in ƙara ganinta."

Aka zaro Ba-Wuya ta ƙafa, fuska duk gam da furfurar mutane, jan gemu manne a girarsa. Yana miƙewa ya fara bayani, wai katakon teburin ne ba mai kyau ba. Ba wanda ya tsaya ji. An rataye ƙahonin a bangon ɗakin taron, suna nan har yanzu. Fatar kuwa Majemi ya juya ta sau biyu da ƙafa, ya ce ko igiyar guga ba za ta yi ba.

Idon Baba bai rufe ba sai bayan wata bakwai. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da an bar wa Majemi wata ukunsa, da tsohon nan ya yi wata huɗu cur yana zuwa yana kallon ɓaunarsa a tsaye.

Ran nan muna zaune a tsakar gida ina yanke wa Baba farce, sai ga mijin ƙanwata ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa, ya leƙa idon Baba na dama, ya leƙa na hagu, ya yi ɗan tsaki irin na masana.

"Baba, yanar nan fa na duba yadda likitoci ke cire ta. Ɗan kankarewa ne kawai. In da reza sabuwa, wallahi ba wu..."

"Babba," in ji Baba, "miƙo mini bindigata."

"Haba Baba," na ce, "ai ba ka gani."

"Wannan ba sai da ido ba. Bakinsa ba ya rufuwa, da kunne zan same shi."

Kafin in ajiye abin yankan farcen, Ba-Wuya ya kai bakin titi. Takalminsa ɗaya yana nan a wurina.